Taron Dangin da Muke Yi wa Amfilifaya

Mu dai a wannan yanki namu, tun daga Kwanar Ɗangora har ka dangana da Doguwa, mota ba ta cika mota ba sai an jiyo ta kafin a hango ta. Taya ta suɗe, birki sai an taka sau uku yake kamawa, gilashin baya leda ce aka liƙa, duk wannan mai sauƙi ne, za a gyara in Allah ya hore. Amma a ce rediyo ta yi shiru? Wannan ba a kwana da shi. Direban Golf zai bari layinsa ya wuce a tasha, ya je ya tsuguna gaban mai gyara tun hantsi har la'asar sakaliya, in ka yi masa magana ya ce shi ba zai ratsa dajin Falgore da bebiyar mota ba.

Ba kuma direbobin haya kaɗai ba. Ɗan acaɓa ya ɗaure 'yar akwatinsa a jikin Boxer, mai kurkurar da ke kwasar rake ya rataya tasa bayan kujera, mai A Daidaita Sahu kuwa ba a magana, shi ne limamin tafiyar. Saurayin da ya fito daga rugagen gefen dajin Ɗansoshiya ma, ranar da ya sai da maraƙi ya kama babur, tambayarsa ta farko ita ce ina ake sa kiɗa. Da kaka ta yi, shinkafar Tudun Wada da masarar Doguwa suka shiga buhu, to ranar masu kayan sauti ta fito. Sai ka ga an yi gayya an tafi Kano, wasu Sabon Gari don sabo fil a kwali, wasu Ƙofar Ruwa don ɗan Kwatano da aka ciro a ƙofar wata mota, a dawo da magariba kowa da kaya a cinya.

Yadda muke ciniki ma abin kallo ne. Tambaya uku ce, ba ta huɗu. Inci nawa ce? Wat nawa ce? Sannan a ɗaga ta a hannu a ji nauyin maganaɗisun, a gyaɗa kai. In kwalin ya ce 3000W da jan rubutu, ga hoton walƙiya a gefe, shi ke nan jiki ya mutu, ko ragi ba ma nema sosai. Alhali in ka kifa lasifikar, a bayan maganaɗisun nan da muke aunawa akwai wata 'yar lamba, 4 ko 8, wani lokaci 2, da alamar Ω a gabanta. Ba mai kallonta. Ita ce kuwa mai yanke hukuncin ko amfilifayarka za ta ga damina ko ba za ta gani ba.

Lambar nan om ce, ma'aunin turjiyar da lasifika ke yi wa wutar da ake turo mata. A cikin kowace lasifika akwai koyil, siririyar wayar tagulla da aka nannaɗe aka zura a tsakiyar maganaɗisu. Wuta ta shiga tana kai da komo, koyil ya motsa, ya tura takardar gaba ya jawo ta baya, iska ta girgiza, kunne ya ji Shata. Tun 1925 da wasu injiniyoyin Amurka biyu, Rice da Kellogg, suka fito da wannan tsari, bai canza wani abin kirki ba. Lissafin turjiyar kuwa ya girme shi nesa: wani malamin makaranta Bajamushe, Georg Ohm, ya buga shi a littafi a 1827, lokacin Sarki Ibrahim Dabo yana kan gadon Kano. Abin da ya ce a taƙaice, in matsin wuta bai canza ba, duk sa'ad da ka rage turjiya wuta za ta ƙara kwarara. Ka rage rabi, ta ninka.

Duk wanda ya taɓa noman rani a ƙasan Tiga ya san wannan ba tare da ya ji sunan Bajamushen ba. Ka ta da injin ban ruwa ka sa masa tiyo ɗaya, yana tafiya lafiya lau. Maƙwabci ya zo ya ce a raba masa baki ɗaya, ka raba, ruwan da ke fita ya ƙaru, amma ka saurari muryar injin, ta sauya. Na uku ya zo, na huɗu ya zo, kowa ɗan'uwa ne ba a hana shi. Ruwa na ta tafiya ta ko'ina, ba wanda nasa ke da ƙarfi, inji na nishi yana zafi har ya tsaya. Amfilifaya ita ce injin, kowace lasifika da ka ɗaura a baki ɗaya sabon tiyo ce.

Bari a sa lamba don kada a ce zance ne. Ɗauki amfilifayar da ke fitar da bolt 20 a bakinta. Ka ba ta lasifika mai om 8, za ta ba ka wat 50, tana jan amfiya biyu da rabi. Ka ba ta mai om 4, wat 100, amfiya 5. Om 2, wat 200, amfiya 10. Om 1, wat 400 a kan takarda, amfiya 20. To a nan ne idonmu ke rufewa, mu ce ashe ƙarfi kyauta ne, rage om kawai za ka yi. Sai dai wat ɗin nan ba daga sama suke faɗowa ba. Amfiya 20 ɗin ta cikin wasu 'yan ƙananan taransisto za ta bi, kuma zafin da waya ke ɗauka ba ninki biyu yake yi ba in wuta ta ninka, ninki huɗu yake yi. Wanda ya ƙera injin ya riga ya rubuta a jikinsa ko a takardarsa iyakar da zai iya sauka, yawanci om 4, masu dama-dama om 2. Takardar nan kuwa tun a Sabon Gari aka ƙunshe gyaɗa da ita.

Yanzu ga yadda muke yi. An sa biyu a ƙofofin gaba, biyu a baya, an kunna, an zagaya gari. Washegari a tasha wani Sharon ya tsaya kusa da kai, nasa ya danne naka. Daren nan ba barci. Da safe sai wurin mai gyara.

"Oga, ƙara min biyu a but."

"Maigida, bakin nan huɗu ne, kuma duk na cika su."

"Kai dai ɗaura a kan na bayan. Ai waya ce."

"Injin ba zai ɗauka ba fa, zai yi zafi."

"Na wane da ka haɗa masa shida ya mutu ne? Ko kuɗin aiki ne kake so a ƙara?"

Shi ma mai gyaran ɗan Adam ne, da iyali a gida. Ya san in ya ƙi, rumfar gaba za a je a yi. Sai ya fere waya da haƙori, ja kan ja, baƙi kan baƙi, ya murɗe ya naɗe da salatif. Wannan shi ne taron dangi: kowa ya kama baki ɗaya. Mai om 4 biyu a haka sun koma om 2. In aka ƙara ta uku, om ɗaya da sulusi. Ta huɗu, om 1 cif. Kai a ganinka ka ƙara wa motarka kaya, ita amfilifaya a wurinta saura ƙiris ka haɗe mata ja da baƙi kai tsaye.

Ranar farko abin daɗi. Ƙara ta ɗan ƙaru, madubi na rawa, yara na bin mota. Har ma mukan yi alfahari da cewa in gangar ta buga da dare fitilar gaba sai ta lumshe ta buɗe tare da kiɗan. Ka ji mutum na cewa, "Ka ga ƙarfi ko? Har fitila sai da ta san an kunna." Ba ƙarfi ba ne wannan, altaneta ce ke neman agaji. Bayan kwana kaɗan da asuba sai ka ga mai ƙarfin nan yana neman almajirai su tura masa mota.

Sai kuma a zo ga inda muke ajiye ita amfilifayar. Ƙarƙashin kujera, inda iska ba ta zuwa, ko cikin but a jingina mata buhun masara. Haƙarƙarin alminiyon da aka yi mata don ta sha iska, ƙurar hunturu ta toshe shi tun Disamba. Ga Maris da Afrilu sun zo, rana ta haura digiri 40 a inuwa, balle cikin motar da aka rufe a filin kasuwa. In mai mutunci ce, wadda ke da na'urar kare kai, sai ta kunna jar fitila ta ɗauke, ta huce ta dawo, ta sake ɗaukewa. Direba ya yi ta dukan dashbod yana cewa waya ce ta saki. In kuwa irin ta araha ce, ba sallama: wani wari mai kama hanci, ɗan hayaƙi daga ƙarƙashin kujera, wata tsohuwa a baya ta fara salati, shi ke nan. Da yamma a majalisa hukunci ɗaya ne: kayan China ba su da amana. Ban ce duk na China nagari ne ba, akwai tarkace iya tarkace. Amma ko Bajamushe ne ya ƙera ta da hannunsa, in ka ɗaura om 1 a bakin da aka yi don om 4, warin nan dai za ka ji.

Kafin ta ƙone ma sai da ta yi mana gargaɗi, mu ne muka toshe mata baki. Fis ya yanke, aka sa wani, ya sake yankewa. Maimakon a tambayi dalili, sai a ce fis ɗin yanzu ba su da ƙwari, a tsinko silin waya mai kauri, ko takardar gwangwanin sigari, a cusa a gurbin. Fis ɗin nan an yi shi ne don ya mutu a madadin kayanka. Ka cire shi, to wayar da ta taso daga batir ta bi ƙarƙashin kafet ita ce za ta zama fis, kuma ita in ta tashi yankewa da wuta take yi.

Abin haushin, lasifika huɗun nan a baki ɗaya ana iya haɗa su lafiya, ba tare da an sayi ko allura ba. Akwai jerin gwano: ja ya fito daga amfilifaya ya shiga ta farko, baƙin ta farko ya shiga jan ta biyu, baƙin ta biyu ya koma gida. A haka om tarawa yake yi, 4 da 4 sun zama 8. To ka yi jerin gwano biyu, sannan ka haɗa jerin biyun a baki ɗaya, 8 da 8 sun dawo 4. Lasifika huɗu, amfilifaya na ganin om 4, kowa ya kwana lafiya. Masu gyaranmu da yawa sun san wannan sarai. Abin da ke hana su, in sun haɗa haka mai mota zai ce bai ji bambanci ba, domin wat ɗin da ɗaya ke ci ne aka raba wa huɗu. Shi kuwa bambanci ya biya.

Akwai kuma masu dabarar gado. Tsohuwar rediyon kaset ta Baba da ta mutu tun zamanin Abacha, a farke akwatunanta a ciro lasifikun a kai mota. Na gida galibi om 8 ne ko 6, domin amfilifayar gida tana da wutar bango da za ta ɗaga matsi yadda take so. Mota kuwa bolt 12 gare ta, 14 da 'yan kai in inji na tafiya, shi ya sa aka mayar da nata om 4 don a tatsi abin da za a tatsa daga ɗan matsin nan. In ka sa ta om 8 a mota ba abin da zai ƙone, amfilifaya ma hutu ta samu, sai dai rabin wat za ka samu. Rikicin yana zuwa ne in aka gwama, mai 4 da mai 8 a baki ɗaya. Jimla ta sauka ƙasa da om 3, kuma mai 4 ɗin tana cin ninki biyu na abin da 'yar'uwarta ke ci. Sai ka ji mutum na cewa ta hagu ta fi ta dama lafiya. Duk lafiyarsu ƙalau, rabon ne ba adalci.

Mu koma kan 3000W ɗin kwali, don ni abin yana ci min tuwo a ƙwarya. Ba sai ka je makaranta ba, juya amfilifayar ka dubi fis ɗin da ke jikinta. In 15 aka rubuta, buga 15 sau 14, ka samu 210. Iyakar abin da zai iya shiga cikinta ke nan kafin fis ya yanke, kuma ba duka ke fita a matsayin sauti ba. Irin tsohon ƙira kusan rabi ko fiye kaɗan suke bayarwa, saura zafi ne, sababbin da ake kira aji D su ne ke kai kashi 80 cikin 100 ko sama. Wat 3000 na gaskiya daga bolt 14 sai an ja fiye da amfiya 200, altanetar Golf kuwa tsakanin 70 da 90 take bayarwa, a ciki za a ba fitila, a ba fanka, a cika batir. Haka ita ma rediyon dashbod da aka rubuta wa 50W sau 4, abin da take iya riƙewa da tsabta a kowane baki bai wuce wat 20 da ɗan motsi ba. Ganin kitse muke yi wa rogo, kuma mu muke biya.

To a ce ma an dace, amfilifayar mai ɗaukar om 2 ce, wat ya ninka da gaske. Me kunne ya samu? Desibel 3. Za ka ji an ɗan ƙara, ba ninki ba. Kafin kunnen mutum ya yarda cewa ƙara ta ninka, sai wat ya ninka kusan sau goma. Wato duk wannan zafi, da kashe batir, da tura mota da asuba, a kan ɗan abin da in ka rufe gilashi ma za ka samu.

Abin da aka rasa a musayar kuwa ya fi abin da aka samu. Aikin amfilifaya ba tura takardar lasifika kaɗai ba ne, har da taka mata birki in bugun ya wuce. Da turjiya ta yi ƙasa sosai, riƙon nan yana sassautawa, ga wutar cikin injin tana zubewa duk sa'ad da aka yi babban bugu. Sai ganga ta daina cewa komai, ta koma gurnani. Sa Shata ka gwada. Kalangu magana yake yi, yana hawa yana sauka, makaɗan na amsa wa juna. A motar da aka yi wa taron dangi aka ƙure murya, duk wannan ya narke ya zama bum-bum, 'yan amshi kuma sai ka rantse mura suke yi. Kuntigin Ɗanmaraya Jos, da yake tsirkiya ɗaya ce siririya, shi ne ma ya fi shan wahala, ya koma ƙarar kwano. Masu sa karatu su ma ba su tsira ba: tafsirin Malam Ja'afar ne a memori, amma sin da shin duk sun zama tsaki, sai wanda ya haddace ayar ne zai san inda ake. Wannan tsagewar murya alama ce amfilifaya ta kai bango, tana yanke kan sautin tana aika shi da kaifi, kuma irin wannan wuta ita ce ke fara gasa 'yan ƙananan lasifikun siririyar murya da ake kira tuwita. Ƙaramar amfilifaya da aka ƙure tana kashe lasifika kamar yadda babba ke yi, wani lokaci ma ta riga ta.

Wani abin da ke rikita har masu gyara, lambar 4 ɗin nan ba a tsaye take ba. Ka ɗora mita a kan lafiyayyar lasifika mai om 4, za ta nuna maka 3 da 'yan ɗigo, mai om 8 kuma wajen 6 zuwa 7. Ba cuta aka yi maka ba, mita da wutar batir mai tafiya hanya ɗaya take aunawa, kiɗa kuwa kai da komo yake yi. In ana kiɗa turjiyar yawo take: a wani amon ƙasa ta haura om 20 ko 30, a tsakiya ta sauko kusa da abin da mita ta nuna, a sama ta sake hawa. Shi ya sa wata waƙa ke wucewa lafiya, wata kuma da ta shigo amfilifaya ta ɗauke, har a fara cewa motar ba ta son mawaƙin. Zafi ma na taka rawa. Tagulla in ta ɗumama turjiyarta ƙaruwa take, digiri 100 na ƙara mata kusan kashi 40 cikin 100. Ka tashi daga Kwanar Ɗangora da sauti garau, kafin ka wuce Tudun Wada ka shiga Falgore koyil ya gasu, murya ta ja baya, kai kuma ka miƙa hannu ka ƙara. Ka ƙara masa zafi, ya ƙara ja da baya.

In ta ƙone kuma ba ma yarwa, mu ba 'ya'yan masu kuɗi ba ne, kai wa ake yi a sake naɗi. Sana'a ce mai kyau, kuma akwai masu hannu a cikinta ƙwarai. Amma wani duk wayar da ya samu a tsohuwar taransifoma da ita zai naɗa, kauri ba ɗaya ba, yawan zagaye ba ɗaya ba. A baya an rubuta 4, a ciki 2 ce ko 6, Allah kaɗai ya sani sai mita. Ka kawo ta ka gwama da wata, ka yi ta lissafi da lambar da ta riga ta zama tarihi.

Waya ma haka. A kashe dubbai a kan ufa, wato babbar lasifikar da ke ba da amon ƙasa, a zo kan waya a ce a ba da ta araha, siririya irin ta fitilar ɗaki, wata ma alminiyo ce aka shafa wa jan launi, ka kankare da wuƙa ka ga fari. In wayarka ta ci rabin om, a kan lasifika mai om 8 asarar ba ta taka kara ta karya ba, wajen kashi 6 cikin 100. A kan om 2 kuwa kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin a waya yake ƙarewa, kafet kake ɗumamawa. Ga kuma juya ja da baƙi a lasifika ɗaya: wannan na turawa waccan na ja, bes ya cinye kansa, mai mota ya ce a ƙaro wata. Ɗan batirin tocila ya isa ya raba gardama. Taɓa shi a wayoyin, ka ga takardar ta leƙo waje ko ta shige ciki, ka tabbata duka hanya ɗaya suke bi.

Ka san waɗanda suka fi mu iya wannan lissafi? Masu tallar maganin gargajiya. Dube su ranar kasuwa, tsohuwar mota ko ma baro, ƙaho biyu a sama, 'yar amfilifayar Ahuja ta Indiya da batir ɗaya, amma tun daga bakin titi har layin 'yan awaki ba wanda bai san yau akwai maganin basir da na sanyi ba. A bayan irin wannan amfilifaya an jera bakuna, an rubuta 4, 8, 16. Ƙahon nan yawanci om 16 ne. In ɗaya ne a sa a 16, biyu a sa a 8, huɗu a sa a 4. Mai maganin ya san haka domin abincinsa ne, in ta ƙone ranar ba ciniki. Kuma ƙaho ba ya ɓarnar wuta, da wat ɗaya yana yin ƙarar da lasifikar ƙofar mota sai ta ci wat 30 ko fiye kafin ta kamo shi. Sai dai shi magana ya iya, ka tura masa ganga ka fasa masa tantani. Ladanan masallatanmu ma in waya ta yi nisa zuwa hasumiya, bakin da aka rubuta 100V ake bi, da 'yar taransifoma a jikin kowane ƙaho, don kada tsawon waya ya cinye kiran salla. Lokacin zaɓe ne dai komai ke rikicewa. A 2023 duk mun gani, daga mazaɓar Kiru da Bebeji har ta Doguwa da Tudun Wada, kowace jam'iyya da a-kori-kurarta, janareto a baya, akwatuna an jibga har sama, samari a kai. A nan ba mai tambayar om, tunda ba da kuɗin aljihunsa zai sayi wata ba.

Wata dabara da ta shigo mana ita ce haɗe baki biyu su zama ɗaya don a ba ufa ƙarfi. Halal ne, an ma zana yadda ake yi a jikin injin. Abin da ba a faɗa wa mai mota, in an haɗe kowane ɓangare rabin turjiyar yake gani. Ufa mai om 4 ta zama 2 a wurinsu, mai om 2 ta zama 1. Wasu ufofin kuma koyil biyu gare su, baki huɗu a baya. In kowanne om 4 ne, hannun mai haɗi ne zai mayar da ita 2 ko 8. Tambaya ɗaya kafin a naɗe salatif ta isa.

Fasinja dai shi ne marayan tafiyar. Ya biya kuɗin mota, an ba shi kujerar baya, ufa na ƙarƙashinsa, tuwita na bakin kunnensa. Masana lafiya sun sa iyaka a desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin 3 yana rage lokacin da rabi. Motocinmu in an ƙure sun wuce nan da nisa, direba kuwa a ciki yake wuni. Shi ya sa in ka gaishe da wasu tsofaffin hannu a tasha sai ka maimaita. Dattijuwa ta ce, "Ɗan nan, akwai sauka," tun daga kwanar garinsu, ba a ji ta ba sai da na kusa da direba ya daki kafaɗarsa, an wuce da ita zango guda da ƙullin kayanta. Hon ɗin tirelar da ke bayanka ma haka za ka rasa shi, kuma wannan ba abin dariya ba ne a hanyar Jos.

Ba wanda ya ce a daina kiɗa, ni ma ba na son doguwar tafiya shiru. Amma lasifika biyu nagari a gaba, kowace a bakinta, da waya ta tagulla mai kauri, da fis na gaskiya kusa da batir, da amfilifayar da aka kafa inda iska ke ratsawa, sun fi shida da aka cusa a baki biyu daɗin ji, kuma za su kai ka kakar baɗi. Ku kuma iyayen gidanmu masu gyara, don Allah ku ajiye mita a rumfa, kuɗinta bai kai na amfilifayar da za ta ƙone ba. In an gama haɗi, kafin a ɗaura a jikin inji, a ɗora ta a kan wayoyin nan biyu a gaban mai mota ya gani da idonsa. In bakin na om 4 ne kuma mita ta nuna 2 ko ƙasa da haka, kada a kunna, a warware a sake haɗi.